Aljihun Iska

Sevran, 3 ga Fabrairu

Zuwa ga Shamsiya ɗiyar Rékia,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan kina lafiya, ya sanyi, ya karatun nan da ba ya ƙarewa. Mu nan da sauƙi. Gwiwata ta matsa mini tun da asansar ɗin gidanmu, mai kai mu saman bene, ya sake tsayawa, hawa bakwai nake yi da ƙafa. Hajiya Safi kuwa jininta ya hau tun ranar da aka kawo gawar ɗanmu Nazir, ba ta cin abinci sai an tsaya a kanta.

Ta'aziyyarki ta iso, layi biyu a waya. Daga Lyon zuwa Paris awa biyu ne a jirgin ƙasa, amma na san manyan masana ba su da lokacin zaman makoki. Mutanen da ba mu haɗa komai da su ba sun zo sun zauna kwana uku. Ke da kakarki da mahaifiyata suka fito ciki ɗaya, layi biyu ya ishe ki.

Ba wannan ya sa na ɗauki biro ba. Kuma takarda na zaɓa don bangon gidan nan kamar kwali yake, in na yi magana a waya Hajiya tana ji daga ɗaki. Ki aiko amsa ta shagon Moussa tela a Belleville, adireshin yana bayan ambulan.

Kin san yadda muka rabu da yaron nan. Na kai shi har shekara ta uku a karatun injiniya, ya ajiye, ya tafi duwatsu yana ɗora Turawa a kan kujerun da ke kai su sama don su sulalo ƙasa a kan katako. Ranar da zai tafi na ce mishi ban yafe ba. Duk da haka na sa mishi carbin mahaifina a hannu, na ce in ka ga dama ka riƙa tuna wanda ya halicce ka. Shekara biyu ba mu yi magana ba. Ran 21 ga Janairu, ranar hutunsa, ya hau dutse da abokinsa Bouba, dusar ƙanƙara ta zaftaro ta binne shi. Sai bayan minti hamsin aka tono shi, ba rai.

A wurin jana'iza liman ya ce duk mai haƙƙi a kan mamaci ya yafe. Kowa ya ce ya yafe. Ni na yi shiru, kuma jama'a sun ga na yi shiru. Tun ranar Hajiya ta sa ni gaba da kuka, wai in furta kafin sadakar arba'in, ran 2 ga Maris. Na ce mata ni ba na yafiyar fatar baki. In yaron ya tafi yana tuna Allah, na yafe. In ya tafi yadda ya zauna, to ya je can.

Ga kwafin takardar likitan jandarmomin dutse. Ki dubi layi na shida: «poche d'air : oui». Faransancin da na ci abinci da shi shekara talatin da ɗaya ya ishe ni gane wannan, Moussa ma ya duba, bakinmu ya zo ɗaya. Poche aljihu, air iska. An laluba aljihun ɗana ba a samu komai ba sai iska. Cikin kayan da suka ba mu ma babu carbin. Ya yar da shi ke nan, har Bature ya rubuta ya buga hatimi.

An ce shekara shida kina binciken iska a Lyon. Na faɗa a gidan sunan nan na La Courneuve cewa karatun iska ne, kika ɗauki jakarki kika fice a gaban mutane, kuma har yau ban janye ba. To yau ga ranar iskar ta zo. Ki duba takardar ki gaya mini in akwai wani abu a ciki da ya wuce wannan. Ba na son lallashi.

Kawunki,
Alhaji Bukari

Sevran, 13 ga Fabrairu

Shamsiya,

Bayan sallama da gaisuwa, ina fatan lafiya ce ta hana ki amsa, ko da yake na fi zaton hura hanci ne. Gwiwa tana nan. Hajiya ta je likita an ƙara mata ƙwaya.

Sau uku ina shiga metro har Belleville ina tambayar Moussa ko an kawo wasiƙa, har yaran shagon sun fara yi mini kallon mai jiran amsar budurwa. Kwana goma. Layi ɗaya na ce ki fassara, ba littafi ba. In abin ya fi ƙarfin digirinki ki faɗa, in nemi wani. Akwai wani ɗan Cadi a masallacinmu da ke goge ƙasa a asibiti, wataƙila shi ya tsinci abin da ku ba a koya muku ba.

Saura kwana sha bakwai arba'in.

Alhaji Bukari

Lyon, 16 ga Fabrairu

Kawu,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ku da kyau, ya jiki, ya haƙuri. Allah ya ba Inna Safi lafiya, ya jiƙan Nazir. Ni ina fama da mura, fatar yatsuna duk ta tsage.

Jiya na sauko daga dutse, sati biyu muna aiki a can, sai na tarar da wasiƙunku biyu a akwati, ɗaya ta zagi ɗaya ta ƙarin zagi. Da kun tambayi Inna da ta gaya muku inda nake, kullum muna waya da ita. Batun ta'aziyya kuma, na zo. Na iso har tashar Beaudottes ran kwana uku, na tsaya a bakin gidanku, na tuna yadda kuke iya tsinka mutum a gaban jama'a ko a ranar makoki, na juya. Ban yi alfahari da haka ba, amma haka aka yi.

Yanzu takarda. Ku da Malam Moussa kun haɗu kun ɗinka wa layi na shida aljihun da ba shi da shi. Shi dai sana'arsa ce, ku ne ban san uzurinku ba. Ba wanda ya laluba rigar Nazir. Poche d'air ɗan kogo ne da ake samu a gaban baki da hancin wanda dusa ta binne. Shi ne abin da masu ceto suke fara dubawa kafin su ɗaga mutum, don shi ke nuna ko ya samu yin numfashi a ƙasa. Sun rubuta «oui». Ma'ana bakinsa da hancinsa ba su toshe ba, ya rayu wani lokaci bayan ta rufe shi.

Tun da kun ce ba ku son lallashi, ga yadda abin yake. Dusar da ta zaftaro ba irin wadda kuke gani tana sauka a Sevran ba ce. Tana tsayawa take daskarewa, ko yatsa mutum ba ya iya motsawa, ƙirji ma da ƙyar yake buɗewa. Akwai iska a tsakanin ƙwayoyinta, shi ya sa ba a mutuwa nan take. Amma duk numfashin da muka ja muna cire oksijin daga ciki, mu mayar da wata iska da jiki ya gama da ita, gaz karbonik. A fili wannan tana watsewa ba ma saninta. A cikin kogon da bai wuce kwanon sha ba, babu inda za ta je. Mutum ya fitar da ita ya sake jan ta, oksijin yana raguwa ita tana ƙaruwa. Ɗumin bakinsa kuma yana iya narkar da bangon kogon ya sake daskarewa, ya zama kamar gilas, ɗan abin da ke shigowa ta cikin dusar ya ƙara raguwa. Wanda aka tono cikin minti sha biyar na farko yawanci yana tashi. Bayan rabin awa, waɗanda ake samu da rai ba su da yawa.

Da farko akwai tsoro da haki, ba zan ɓoye muku ba. Daga baya gaz ɗin yana taruwa a jini, kai ya yi nauyi, mutum ya shiga wani irin maye, daga nan sai barci. A cikin wannan maye Nazir ya tafi, kuma ina ganin ƙarshen bai yi mishi zafi ba.

Carbi kuwa bai yar ba. Yana nan a kan teburina tun Nuwamba, da ya zo ya kwana biyu ya manta shi. Na ce zan aika mishi ban aika ba.

A ƙasan takardar an rubuta 1/2. Shafi biyu ne, ɗaya kuka aiko. Mai Faransancin shekara talatin da ɗaya ai ya san lamba. Ku aiko na biyun.

Shamsiya

Sevran, 20 ga Fabrairu

Dokta Shamsiya,

Salamu alaikum. Na samu wasiƙarki, Allah ya sawwaƙe mura. Mu muna nan yadda kika sani, sai dai Hajiya ta daina yi mini magana tun shekaranjiya, abinci ma a tebur take ajiyewa ta koma ɗaki.

To, na gode. Na nemi gaskiya kin ba ni, har da ƙari. Na karanta shafi biyu na surutun gaz da kwanon sha, na iso inda maganar take: a cikin maye ya tafi. Da hannunki kika rubuta. Dama na sha jin abin da ake yi a waɗannan duwatsu, giya mai zafi a kofi tun da hantsi wai maganin sanyi. Ban taɓa faɗa wa uwarsa ba don kada in ƙona mata rai. Yanzu ga shaida daga wadda ta fi kowa kare shi. Carbin kakansa a kan teburin Lyon wata uku yana shan ƙura, shi kuma a buge a ƙarƙashin ƙasa. Na gaya wa Hajiya ta daina jira, ran arba'in zan zauna a yi addu'a a tashi, bakina ba zai buɗe ba.

Kin yi mini dariya a kan aljihu, ke da kika ƙware. Na karɓa, ni ban yi karatun lakwal mai zurfi ba, kaya na yi ta ɗauka a filin jirgi har bayana ya lanƙwashe don irinku ku samu wurin sauka in kun zo. Amma ki gaya mini, duk wannan ilimi me ya tsinana? Kin san minti nawa mutum yake yi, kin san sunan iskar da ke kashe shi, kin san girman kogon. Shekara shida kina cusa kan ƴaƴan mutane cikin ƙanƙara kina rubuta lamba, ɗan uwanki ya mutu a cikinta ba ki ƙara mishi ko numfashi ɗaya ba. A Damagaram ana haihuwa a mutu ba a ga wannan dusa ba. Wa za ki je ki ceta da ita, raƙuma?

Kuma ashe yana zuwa wurinki yana kwana biyu. Gidan ubansa yana nan, ya san lambar jirgin da ke kawowa.

Ga kwafin shafi na biyun da kike ta magana. Ban aiko ba don bayanin yadda aka same shi ne a kwance. Na fara layin farko na ninke, ban ga amfanin uba ya karanta wannan ba. Ke da zuciyarki ta saba, karanta.

Alhaji Bukari

Lyon, 23 ga Fabrairu

Kawu,

Ina gaishe ku, ya gwiwa. Murar ta sake ni. Na yi waya da Inna Safi yau da safe, muryarta ba ta fita, kuma yanzu na san dalili.

Na yi zaton Faransanci ne kawai ke ba ku wahala, ashe har Hausar ma. Na ce wani irin maye. Wanda hayaƙin gawayi ya bugar a ɗaki a rufe, giya ya sha? A cikin wasiƙa mai shafi biyu kalma ɗaya kuka tsinta, don ita kuka shiga nema tun farko. Kun ɗauke ta da gudu kun kai wa matar da ɗanta bai yi wata guda a kabari ba. Shekara biyu kuna jiran a tabbatar muku ɗanku ɗan iska ne don ku samu ku ce dama kun faɗa. Ku buɗe shafin nan da kuka ninke, layi na huɗu: «alcoolémie : négative». An auna jininsa, babu ko ɗigo. Wannan ko Malam Moussa ba zai iya ɗinka mishi wata ma'ana ba.

Kun tambaya me ya sa yake zuwa wurina ba ya zuwa wurinku. Ni in ya ƙwanƙwasa ina buɗewa.

Saura layi na tara, kuma shi ne ya sa na yini ban iya aiki ba. «Mains jointes devant le visage, paumes vers la bouche». An same shi hannuwansa biyu a haɗe a gaban fuska, tafukan suna kallon bakinsa. Ku ɗaga naku haka ku gani. Kun san wannan ɗaga hannu, sau biyar kuke yin sa kullum bayan sallama.

Na so in tsaya a nan. Da na rufe wasiƙar a wannan layi da kun je kun yafe, Inna ta samu barci, ni kuma in ci gaba da raina ku cikin kwanciyar hankali. Amma kun ce ba ku son lallashi, ni ma ba na son in saya wa Nazir yafiya da rabin magana. Don haka ga sauran.

Ni na koya mishi. Bara a watan Maris ya shiga cikin masu ba da kansu a gwajinmu, waɗannan ƴaƴan mutane da kuka ce ina cusa kansu cikin ƙanƙara. Muna tara dusa mu yi bango, mu fafe ɗan kogo, mutum ya zauna yana numfashi a ciki, da na'ura a yatsansa tana nuna oksijin ɗin jininsa. Likita yana tsaye, lamba tana sauka zuwa inda aka yanke sai a janye shi. Bayan an gama muna koya wa kowa abin da zai yi in ta rutsa da shi: kafin dusar ta tsaya, ka kai hannu gaban fuska don ka samar wa bakinka wuri. Abokan aikina suna ta yi mishi bayani da Faransanci, gwiwar hannu kaza, kusurwa kaza, yana ta shirme. Na gaji na ce mishi da Hausa, kai Nazir, yi kamar za ka shafa addu'a. Nan take ya yi daidai. Ya leƙo ni ta tsakanin yatsunsa yana dariya ya ce: «Yaya Shamsiya, in har hannun ya riga ya tashi, ai sai in ƙarasa abin kawai. Tsoho ma ya huta.»

Tsoho ku ne. Haka yake kiran ku, kuma ba da raini ba.

Wannan shi ne iyakar abin da nake da shi. Ban san abin da ya faɗa a ƙasa ba, babu na'urar da ke auna wannan, duk wanda ya ce muku ya sani maƙaryaci ne. Abin da na sani, hannun nan shi ya yi kogon, kogon ya ba shi lokaci. A gwajinmu ya yi minti sha ɗaya hankalinsa garau, ina tambayarsa yana amsawa da yatsa, kafin likita ya ce a janye shi. Dusar ranar nan ba irin tamu ba ce, tana iya fin ta tauri, don haka ba zan rantse a kan lambar ba. Amma ba nan take ya tafi ba. Ya samu wasu mintoci, hannunsa a ɗage, yana sane da inda yake.

Kun ce ban ƙara mishi ko numfashi ɗaya ba. Na ƙara, bai dai isa ba. Kullum sai na yi lissafin nan, kuma ba na bukatar ku tuna mini.

Ga carbin a cikin ambulan, na naɗe shi da auduga. Ku yafe ko kada ku yafe, wannan tsakaninku da Allah ne. Amma kada ku sake cewa da hannuna na rubuta muku hujja.

Shamsiya

Sevran, 3 ga Maris

Ɗiyata Shamsiya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kin tashi lafiya. Gwiwa da sauƙi, an gyara asansar. Hajiya ta ci tuwo jiya, ta ce in gaishe ki, ta ce kuma ba ta yarda da waya ba, ki zo da ƙafarki.

Carbin ya iso, zarensa ya saki wajen limamin carbin, Moussa ya ɗaure mini. Ban nuna mishi takardar ba wannan karon.

An yi arba'in jiya a falonmu, mutane har kan matakala. Da malam ya gama na ce a dakata. Na ce ranar jana'iza an tambaya na yi shiru, to yau a shaida na yafe wa Nazir duniya da lahira. Na faɗa sau uku don na bayan ƙofa su ji. Ba sai na ba ki labarin Hajiya ba.

Kada ki ɗauka wasiƙarki ce kawai, bakinki har yanzu ya fi ƙarfin shekarunki. Ran Talata bayan la'asar, da Hajiya ta fita karɓo magani, na ajiye agogo a kan darduma, na ɗaga hannu yadda kika ce, na kawo su dab da baki. Ina so in ga minti sha ɗayan nan da idona, don ni a zatona ba komai ba ne, ko shayi ba ya dahuwa. Ashe lokaci ne mai tsawo. Numfashina yana dawo mini da ɗumi a fuska. Na yi shahada, na yi istigfari, na karanta duk abin da na haddace tun ina yaro, na duba agogo, minti bakwai. Yaron da na koya wa waɗannan da bakina ya fi ni saurin harshe.

Sauran huɗun ne suka hana ni sukuni. Da addu'ar ta ƙare ban san me zan yi ba, sai ga mutane suna zuwa mini. Mahaifiyata, Hajiya tana amarya, sannan mahaifina, da maganar ƙarshe da ya yi mini a tashar mota ranar da zan baro gida. Tasa maganar mai kyau ce. Tawa kin san ta.

Ke ce mai karatun. Ki sake duba takardar nan, shafi na ɗaya da na biyu, a hankali, ko akwai layin da ke nuna abin da ya tuna a kaina cikin huɗun nan.

Na san babu. Ki duba dai.

Kawunki,
Bukari